Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibi: Girman Kai a Hanyar Tuba da Baftisma



A ranin da ya wuce aiki ya kai ni Minna, na sauka a gidan wani fasto a unguwar Tudun Fulani, can gaba da Bosso a kan hanyar Maikunkele. Ranar Asabar da la'asar ya ce in raka shi ajin masu shirin baftisma. Na tarar da su a gindin mangwaro cikin harabar majami'a, a kan bencuna uku: samari da 'yan mata 'yan sakandare, ɗalibai biyu daga jami'ar fasaha, da wata mata mai goyo. Nesa kaɗan, a barandar majami'a, wani dattijo yana zaune a kujera da babbar riga da hula, jarida tana kan cinyarsa. Har aka tashi ban ga ya juya shafi ko sau ɗaya ba. Kunnensa yana gindin mangwaro.

Da muka koma gida faston ya ba ni labarinsa. Ya zo Minna yana matashin ma'aikaci a 1976, shekarar da garin ya zama babban birnin Jihar Neja, ya yi aiki har ya kai babban matsayi, ya yi ritaya. Tun daga lokacin ba ya fashin sujada. Shi ya sayi rabin kwanon da aka rufe majami'ar da shi. 'Ya'yansa duka an yi musu baftisma, shi kuwa ba a yi masa ba. Duk Lahadin da za a ci Jibin Ubangiji, yakan sulale waje kamar mai amsa waya.

Kashegari bayan sujada na je na gaishe shi. Da hira ta yi nisa na ce, "Baba, jiya na ga akwai sauran wuri a benci." Ya yi dariya, ya ce, "Malam, da furfurata zan je in zauna da jikokina ana yi mini tambaya ina amsawa? Kuma yaron nan da na biya wa kuɗin makaranta, shi zai tsoma ni a ruwa a gaban mutanen da suke durƙusawa su gaishe ni? Allah ya san zuciyata. Tsakanina da shi babu matsala."

Ya ba ni izini in faɗi wannan ba tare da ambaton sunansa ba. Na kuwa kawo shi ne domin tambayar da ya bar ni da ita ta shafi da yawa daga cikinmu. Abin da ya riƙe wannan dattijo a baranda, mutunci ne da ya cancanci a kiyaye masa, ko kuwa girman kai ne da ya ari rigar mutunci?

Mutunci dabam, girman kai dabam

Ba daidai ba ne mu raina abin da al'adunmu suka ɗaukaka. Kunya ado ce. Girmama na gaba tarbiyya ce, Littafi Mai Tsarki ma ya umarce mu da ita. Mutumin da bai damu da mutuncinsa ba, ba a ba shi amana. Saboda haka duk wa'azin da zai ce wa dattijo furfurarsa ba ta da daraja, ya kauce hanya.

Amma akwai bambanci. Mutunci abu ne da jama'a suke ba mutum saboda gaskiyar halinsa. Girman kai kuwa shi ne mutum ya ƙwace wa kansa matsayi, ya tsare shi ko da gaskiya za ta sha wuya. Mai mutunci yana jin kunyar aikata laifi. Mai girman kai yana jin kunyar a san ya aikata. Daga waje su biyun suna kama da juna, gama dukansu suna sunkuyar da kai, suna kawaici. Sai ranar da aka ce su faɗi gaskiya a kan kansu ake gane wane ne wane.

A nan ne tuba take cin karo da girman kai. Mai tuba yana amincewa da abubuwa uku: ya yi laifi, ba shi da ikon wanke kansa, yana kuma bukatar wani ya cece shi. Zuciyar ɗan Adam takan yarda da na farkon in an matsa mata, musamman in za ta faɗe shi a dunƙule, wato "dukanmu masu zunubi ne." Na biyu da na uku ne suke mata ɗaci, domin suna sauke mutum daga kujerar mai bayarwa zuwa tabarmar mai roƙo.

Baftisma kuwa ita ce take fito da waɗannan abubuwa uku a fili. Ku duba yadda ake yinta. Ba wanda yake yi wa kansa baftisma. Mutum yana tuɓe babbar riga da hula da agogo, ya shiga ruwa a bayan wanda ya riga shi a layi, ko da ɗan cikinsa ne. Ya saki jikinsa a hannun wani, a kwantar da shi, a tashe shi a jiƙe a gaban jama'a. Manzo Bulus ya kwatanta wannan da mutuwa da binnewa tare da Kristi a Romawa sura 6. Mun kuwa sani gawa ba ta wanke kanta, ba ta kuma zaɓen wanda zai ɗauke ta. Ruwan kansa ba ya ceto, gama ceto ta wurin alheri ne, ta hanyar bangaskiya. Amma wanda ya ce ya ba da gaskiya, sa'an nan ya ƙi alamar da Ubangiji ya umarta domin tana ƙasƙantar da shi, ya kamata ya tambayi kansa ko wane ne yake kan gadon sarautar zuciyarsa.

Na'aman a bakin Urdun

Labarin Na'aman a II Sarakuna sura 5 ba labarin baftisma ba ne, amma ban san wani wuri da ya fi shi nuna yadda girman kai yake yi in ya iso bakin ruwa ba. Shugaban sojojin Suriya ne, jarumi, mai farin jini a fada, sai dai kuturu ne. Ya taso da wasiƙar sarki, da talanti 10 na azurfa, da shekel 6,000 na zinariya, da riguna 10 na ado. Ya zo ne da shirin sayen lafiyarsa kamar yadda manya suke sayen abin da suke so.

Ku lura da mutanen da Allah ya yi amfani da su a kansa. Wadda ta fara nuna masa hanya yarinya ce, baiwa, wadda aka kamo a yaƙi. Da ya tsaya da dawakansa a ƙofar gidan Elisha, annabin bai fito ba, ɗan aike ya tura masa da saƙo cewa ya je ya yi wanka sau bakwai a Urdun. Da ya fusata ya juya, yana cewa kogunan Dimashƙu, Abana da Farfar, sun fi dukan ruwayen Isra'ila, barorinsa ne suka lallashe shi. Sun tuna masa cewa da abu mai wuya aka ce ya yi, da ya yi. Baiwa, ɗan aike, barori: duk maganar da ta kai shi ga lafiya daga ƙasa ta fito.

Barorin nan sun gano ciwon maigidansu. Abu mai wuya yana ba mutum abin fahariya. A ce wa mai arziki ya rufe majami'a da kwano, zai yi da murna, a kuma ambaci sunansa ranar godiya. A ce masa ya zauna a benci ya koyi abin da yaro ɗan shekara 14 yake koya, sai ya ga an ci mutuncinsa. Na'aman ya fi son ya koma gida da kuturtarsa a ƙarƙashin rigar yaƙi da a gan shi yana tuɓewa a bakin kogin da ya raina. Sauran kaɗan ya rasa lafiyarsa saboda maganin ya yi araha.

Mutanen Minna sun san asibitin masu cutar kuturta da ke Chanchaga. Wannan cuta ba hukuncin zunubi ba ce, ƙwayar cuta ce take kawo ta, tana kuma warkewa. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magungunan da suke kashe ta cikin wata 6 ko 12, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su. Duk da haka ana samun masu nakasa, domin mutum yakan ga tabo a fatarsa ya rufe shi da riga saboda tsoron bakin mutane, har cutar ta lalata jijiyoyin hannu da ƙafa. Jijiyar da ta mutu kuwa da wuya ta dawo. Haka zunubin da aka ɓoye yake yi wa lamiri. Da fari yana zafi, daga baya ya daina, mai shi kuma ya zaci ya warke, alhali kuwa jin ne ya mutu.

Rigunan da girman kai yake sawa

Da wuya ka ji mutum ya ce, "Na fi ƙarfin tuba." Girman kai ya fi haka wayo. A cikin ikkilisiyoyinmu yakan zo da riguna uku.

Ta fari ita ce rigar adalci. Mai ita yana cewa, "Ban yi sata ba, ban yi zina ba, na fi waɗansu dattawan ikkilisiya gaskiya." Mai yiwuwa ne ma ba ƙarya yake yi ba. Bafarisiyen da Yesu ya ba da misalinsa a Luka sura 18 bai yi ƙarya a kan azuminsa da zakarsa ba. Kuskurensa shi ne ya auna kansa da mai karɓar haraji maimakon ya auna kansa da tsarkin Allah. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Luka 7:29-30 ya gaya mana cewa talakawa da masu karɓar haraji sun karɓi baftismar Yohanna, amma Farisiyawa da masanan Attaura sun ƙi ta, ta haka kuwa suka yi watsi da nufin Allah a kansu. Waɗanda suka fi kowa sanin Littafi su ne suka tsaya a gaɓa.

Ta biyu ita ce rigar gādo. "A cikin ikkilisiya aka haife ni, kakana ne mai bishara na fari a ƙauyenmu." Wannan riga ta fi yawa a zamaninmu. Bishara ta shigo wannan yanki da tsada. Thomas Kent, ɗaya daga cikin mutum uku na farko na mishan ɗin SIM, ya rasu a Bida a 1894. An buɗe tashar mishan a Wushishi a 1904, a Paiko kuma a 1909. Kakanninmu da suka fara ba da gaskiya yawancinsu manoma ne da barori da marasa galihu. Magidanta da gemunsu suka zauna a ƙasa suna koyon baƙaƙe domin su karanta Maganar Allah da kansu, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ma sai a 1932 ya fito. Ba su da wani suna da za su tsare. Mu jikokinsu mun zama daraktoci da farfesoshi da manyan 'yan kasuwa, mun gode wa Allah. Amma ana gādon gona, ana gādon suna, ba a gādon tuba. Yohanna Mai Baftisma ya gargaɗi masu taƙama da cewa Ibrahim ne ubansu a kan wannan.

Ta uku ita ce rigar asiri, ita ce dattijon Tudun Fulani ya sa: "Tsakanina da Allah ne." Wannan ta fi sauran kama da tawali'u, saboda haka ta fi su haɗari. Tana kuma da tsohon tarihi.

Wani ɗan Afirka a birnin Roma

A ƙarni na 4 an yi wani shahararren malami a Roma mai suna Marius Victorinus, haifaffen Afirka ta Arewa. Ya koyar da 'ya'yan manya fasahar magana, ya fassara littattafan masana daga Helenanci zuwa Latin, har aka kafa masa mutum-mutumi a dandalin birnin yana da rai. Da ya tsufa ya shiga karanta Littafi Mai Tsarki, ya gamsu. Sai ya riƙa gaya wa abokinsa Simplicianus a asirce cewa shi fa ya riga ya zama Kirista. Abokin ya ce ba zai lasafta shi cikin masu bi ba sai ya gan shi cikin ikkilisiya. Malamin yakan mai da abin wasa, yana tambaya ko bangon ɗaki ne yake mai da mutum Kirista. Gaskiyar maganar kuwa, yana tsoron ɓata wa manyan abokansa masu bautar gumaka rai.

Wajen shekara ta 355, ran nan ya ce wa abokinsa su tafi ikkilisiya. Ya ba da sunansa cikin masu koyo. Da ranar shaida ta zo, shugabannin ikkilisiya suka ba shi dama ya yi tasa a keɓe, kamar yadda akan yi wa masu jin nauyin taro. Ya ƙi. Ya ga cewa tun da ya yi shekaru yana koyar da maganar da ba ta ceto a gaban jama'a, bai kamata ya ɓoye wadda take ceto ba. Ya hau inda kowa yake hawa, ya furta bangaskiyarsa. A 362, da Sarki Julian ya hana Kirista koyarwa a makarantu, ya bar kujerarsa ya riƙe Ubangijinsa.

Mun san wannan labari ne daga littafin Confessions na Augustine, shi ma ɗan Afirka ta Arewa, daga garin da yau yake cikin ƙasar Aljeriya. Simplicianus ne ya ba shi labarin a Milan a 386, lokacin da shi ma yake malami mai suna, yana jinkiri a bakin ƙofa. Labarin ya kama shi ƙwarai. A daren Ista na 387 Bishop Ambrose ya yi masa baftisma tare da ɗansa da abokinsa. Saukar dattijo ɗaya daga kujerarsa ta taimaka wajen buɗe hanya ga mutumin da ikkilisiya take amfana da koyarwarsa fiye da shekara 1,600. Ba mu san wanda yake kallonmu daga nesa yana jiran ya ga ko za mu sauka ba.

Kada mu yi saurin hukunci

Wajibi ne in faɗi wannan: ba duk wanda ba a yi wa baftisma ba ne mai girman kai. Akwai wanda tsoro ne ya riƙe shi, gama a ƙasarmu akwai gidajen da baftisma take jawo wa mutum rasa iyali da gādo, wani lokaci har da barazana ga ransa. Irin wannan yana bukatar mafaka da haƙuri da hikimar makiyayi. Akwai wanda dokar ikkilisiya a kan aure ce ta tsai da shi. Akwai kuma wanda ba a taɓa zama an bayyana masa ma'anar abin ba. Mu da muke waje ba mu ganin zuciya.

Wajibi ne kuma in ce girman kai ba a baranda kaɗai yake zaune ba, yana zaune a kujerun gaba. Akwai ikkilisiyoyin da suka mai da horo abin tozarta mutum. A sanar da laifin yarinya daga bagade, a kai ta bencin baya, alhali mai kuɗin da ya yi laifin tare da ita yana zaune a inda ya saba. Akwai masu bi da in mutum ya fito ya tuba, kafin magariba labarinsa ya gama unguwa. Wanda ya ga haka zai ƙara ɗaure rigarsa. A misalin ɗan da ya ɓata, Luka sura 15, ƙanen ya koma gida da tsummoki aka karɓe shi, wan ne ya tsaya a waje ya ƙi shiga. Katin baftisma a cikin akwati ba ya kashe girman kai. Yakan zama masa sabon abinci.

Ni mai rubutun nan ban kuɓuta ba. Shekarun baya na buga wata magana a kan wani ma'aikacin ikkilisiya wadda daga baya na gane ba daidai ba ce. Gyaran bai wuce layi uku ba. Sai da fitowa biyu ta wuce ban buga shi ba, ina ce wa kaina ina kare sunan mujalla ne. Sunana nake karewa. Ranar da na je gidansa na roƙi gafara, ya riga ya yafe mini tun tuni. Ni kaɗai na yi wata shida ina ɗauke da kayan.

Wanda ya fara shiga layi

Maganin girman kai ba ya samuwa ta wurin zagin kai, ko yin tafiya a sunkuye domin a ce mana masu tawali'u. Yana samuwa ne ta wurin duban Yesu. Matta sura 3 ta nuna mana shi yana zuwa daga Galili zuwa Urdun, ya shiga layin masu zunubi, shi da ba shi da zunubin da zai tuba daga gare shi. Yohanna ya so ya hana shi, domin ya san wane ne babba a tsakaninsu. Yesu ya nace. Ya sa kansa a hannun bawansa, aka tsoma shi a kogin nan da Na'aman ya raina. A nan ne sama ta buɗe, Uba ya shaida shi. Daga wannan ruwa hanyarsa ta miƙe zuwa gicciye, inda aka tuɓe shi a gaban jama'a saboda laifin da ba nasa ba. In Ubangijin ɗaukaka bai ga baftisma a hannun Yohanna ta rage shi ba, wace furfura ce, wane digiri ne, wace sarauta ce za ta ce ta fi ƙarfin ruwan? Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Kafin in bar Minna na sāke zama da dattijon. A wannan karo bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, ba bencin ne kaɗai ba. Na ji faston yana koya wa yaran nan cewa mai zuwa baftisma ya fara shiryawa da wanda yake da magana da shi. Ni da ƙanena shekara 19 ba ma gaisawa saboda gonar mahaifinmu. Kuma ni na ci iyakar." Ashe wannan ne tabon da babbar riga take rufewa. Muka yi addu'a tare. Ban yi masa alkawarin cewa abin zai zo da sauƙi ba.

Bayan wata biyu faston ya aiko mini da saƙo cewa Baba ya tafi ƙauye ya kwana uku, ya kuma dawo ya zauna a benci na biyu, kusa da matar nan mai goyo. Maganar gona ba ta ƙare ba tukuna, ba a kuma yi masa baftisma ba har lokacin da muke haɗa wannan fitowa. Ina roƙonku ku sa shi da ƙanensa cikin addu'a.

Ga fastoci da dattawa, shawarata ita ce mu sauƙaƙa abin da za a iya sauƙaƙawa. Ba laifi ba ne a buɗe wa manya ajinsu dabam, ko a koyar da tsoho a gidansa. Mu riƙe asirin masu tuba, mu yi horo da ma'auni ɗaya ga mai kuɗi da matalauci. Amma furta zunubi, da mayar da abin da aka ƙwace, da shaida a gaban jama'ar Allah, waɗannan ba namu ba ne da za mu ɗauke wa kowa.

Kai kuma ɗan'uwa, ke kuma 'yar'uwa, da kuke karanta wannan daga taku barandar: wane suna kuke tsarewa, kuma nawa yake ci muku? Yaƙub 4:6 da I Bitrus 5:5 sun faɗi abu ɗaya, cewa Allah yana tsayayya da mai girman kai, mai tawali'u kuwa yana samun alherinsa. Duk wanda ya ga damina a Tudun Fulani ya san ruwa ba ya kwana a kan tudu, kwari yake nema. Iyayenmu sun ce girman kai rawanin tsiya. A tuɓe shi tun da sauran rana, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ubangiji ya ba mu zuciya mai tuba. Amin.